Alfred Wegener, mutumin da ya ce nahiyoyi na tafiya aka yi masa dariya

Duk wanda ya buɗe taswirar duniya a wayarsa ya dubi gaɓar Afirka ta yamma da ta Amurka ta Kudu, zai ga abin mamaki. Ƙusurwar Barazil ta yi daidai da lungun tekun Gini, kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya da ta fashe. Yau ɗaliban makaranta sun san dalili: nahiyoyin biyu a haɗe suke a da. Amma mutumin da ya tsaya kai da fata a kan wannan magana, Bajamushe Alfred Wegener, ya mutu cikin ƙanƙara a 1930 ba tare da akasarin masana sun yarda da shi ba.

An haifi Wegener a birnin Barlin ranar 1 ga Nuwamba 1880, shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa malamin addinin Kirista ne, yana kuma koyar da tsoffin harsuna. Alfred ya yi karatun ilimin taurari har ya sami digirin dakta a 1905, sai dai zuciyarsa ta fi karkata ga ilimin yanayi, wato binciken iska da gajimare da sanyi. Shi da wansa Kurt suna shiga balan-balan mai ɗaukar mutum su hau sama don auna iska. A watan Afrilun 1906 sun yi sama da awa 52 a sararin sama ba su sauka ba, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin su.

A wannan shekarar ce ya bi wani ayarin bincike na ƙasar Denmak zuwa Girinland, babban tsibirin da ƙanƙara ta lulluɓe a arewacin duniya. Shekara biyu suka yi a can, kuma shugaban ayarin da mutum biyu ba su dawo da rai ba. Hakan bai sa Wegener ya ji tsoron wurin ba. Ya dawo ya kama koyarwa a jami'ar Marburg, ya sake komawa Girinland a 1912, ya ci damunar sanyi a kan ƙanƙara, ya ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma. Da ya dawo a 1913 ya auri Else, ƴar shahararren masanin yanayi Wladimir Köppen. Sun haifi ƴaƴa mata uku.

Tunanin da ya sa aka san shi ya fara ne a ƙarshen 1910, lokacin da yake kallon wani littafin taswira ya lura da yadda gaɓoɓin tekun Atalantika suka dace da juna. Wasu sun riga shi ganin haka, shi ma da farko bai ɗauki abin da muhimmanci ba. A 1911 ya ci karo da wani rubutu da ya lissafa burbushin halittu iri ɗaya, wato ƙasusuwa da ganyayen da suka zama dutse, waɗanda aka tono a Barazil da Afirka. Daga nan ya shiga tattara hujjoji. Ranar 6 ga Janairu 1912 ya gabatar da ra'ayinsa a gaban masana duwatsu a Frankfurt. Yaƙin duniya na farko ya katse masa aiki, aka ji masa rauni sau biyu a fagen daga, kuma a lokacin jinya ne ya kammala littafinsa a kan asalin nahiyoyi da tekuna, wanda ya fito a 1915.

Hujjojinsa sun fito daga fannoni da dama. Akwai wata ƙaramar dabba mai kama da ƙadangare, Mesosaurus, da ta rayu kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce. Ba a samun ƙasusuwanta sai a kudancin Afirka da Amurka ta Kudu, kuma ba dabbar da za ta iya ratsa teku mai faɗin dubban kilomita ba ce. Akwai wata bishiya, Glossopteris, da aka sami ganyenta a duwatsun Afirka ta Kudu da Indiya da Ostireliya da Amurka ta Kudu. Akwai sawun tsohuwar ƙanƙara a ƙasashen da yau suke da zafi, ga kuma gawayin ƙasa a tsibirin Spitsbergen mai tsananin sanyi, alhali gawayin daga daji mai dausayi yake samuwa. Wegener ya ce duk waɗannan suna da amsa ɗaya: kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce nahiyoyi duka dunƙule suke wuri guda, daga baya suka tsage, kowace ta kama hanyarta. Wannan dunƙulalliyar ƙasa ita ake kira Panjiya.

Masana duwatsu na wancan zamani ba su ji daɗin maganar ba. A ganinsu nahiyoyi ba sa motsi, dabbobin kuma sun tsallaka ne ta wasu gadojin ƙasa da suka nutse daga baya. Sun kuma ɗauke shi baƙo, mai binciken iska da ya yi kutse a gonar da ba tasa ba. A wani taro da aka yi a birnin New York a 1926, manyan malamai suka yi wa ra'ayin kaca-kaca. Jami'o'in Jamus ba su ba shi kujerar farfesa ba, sai a 1924 jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya ta ɗauke shi.

Amma adalci shi ne a faɗi cewa masu sukarsa suna da tasu hujjar. Sun tambaye shi wane ƙarfi ne ke tura nahiya guda, sai ya kawo jujjuyawar duniya da jan rana da wata. Masanin lissafi na Ingila Harold Jeffreys ya nuna cewa wannan ƙarfin ya yi kaɗan ƙwarai. Wegener ya kuma yi kuskure wajen gudun tafiyar, ya ƙiyasta cewa Girinland na matsawa mita da yawa a shekara, alhali ƴan santimita ne. Ya gano abin da ya faru, bai gano yadda ya faru ba, sai aka haɗa daidai da kuskuren aka zubar.

A 1930 ya jagoranci ayarinsa na ƙarshe zuwa Girinland. Sun kafa sansani a tsakiyar ƙanƙara, kilomita 400 daga gaɓar yamma, inda mutum biyu, Johannes Georgi da Ernst Sorge, za su zauna suna auna yanayi. Kayan abinci da man wuta ba su isa gare su yadda aka tsara ba, ga lokacin sanyi ya matso. Ranar 21 ga Satumba Wegener ya ɗauki hanya da kansa, tare da abokin aikinsa Fritz Loewe da ƴan Girinland 13, a kan kekunan ƙanƙara da karnuka ke ja. Sanyi ya tsananta, 12 daga cikinsu suka juya. Mutum uku suka isa sansanin a ƙarshen Oktoba, sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, kuma ba su iso da kayan kirki ba. Ƴan yatsun ƙafar Loewe sun mutu saboda sanyi, dole aka yanke su da ƴar wuƙa.

Abincin sansanin ba zai ishi mutum biyar ba. Ranar 1 ga Nuwamba Wegener ya cika shekara 50, sannan shi da wani saurayi ɗan Girinland, Rasmus Villumsen, suka juya zuwa gaɓa. Ba a sake ganinsu da rai ba. A watan Mayun 1931 masu nema suka tarar da gawar Wegener a wajen rabin hanya, an naɗe ta da kyau an rufe, an kafa allunansa na tafiya a kan ƙanƙara a matsayin alama. Villumsen ne ya yi masa wannan sutura kafin ya ci gaba shi kaɗai. Har yau ba a ga tasa gawar ba. Mutum ukun da suka bari a sansani kuwa duk sun rayu.

Sai da aka yi shekara 30 da ɗoriya kafin magana ta juya. Jiragen ruwa masu auna ƙarƙashin teku sun gano dogon jerin tsaunuka a tsakiyar Atalantika, inda narkakken dutse ke ɓulɓulowa yana zama sabon ƙasan teku. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo ra'ayin cewa maganaɗisun da ke cikin duwatsun irin waɗannan tsaunuka zai jeru iri ɗaya a hagu da dama, alamar teku na buɗewa. Aka gane cewa ɓawon duniya faifai-faifai ne, suna motsi a kan dutse mai zafi da taushi, da gudu kusan irin na tsiron farce.

Wani ɓangare na shaidar daga yankinmu ya fito. A 1967 masu auna shekarun duwatsu suka gano wata iyaka kusa da Ankara ta Gana, tsakanin duwatsu masu shekara biliyan 2 da masu kusan miliyan 600, suka kuma same ta ta ci gaba a kusa da São Luís na Barazil. A nan Nijar, a Gadafawa da ke cikin Tenere, an tono ƙaton kadan nan Sarcosuchus, mai tsawon mita 9 ko fiye, wanda ya rayu a koguna kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A 1977 masana biyu ƴan Faransa, Éric Buffetaut da Philippe Taquet, suka nuna cewa wasu ƙasusuwa da aka daɗe da tonowa a jihar Bahia ta Barazil na danginsa ne na kusa. Da wuya irin wannan kadan kogi ya ƙetare Atalantika. Lokacin da kakanninsa ke yawo, tekun bai gama raba ƙasashen biyu ba.

Wegener bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A 1980, shekara 100 da haihuwarsa, Jamus ta sa sunansa a babbar cibiyarta ta binciken yankunan ƙanƙara da tekuna a Bremerhaven. Gawarsa tana nan inda Villumsen ya rufe ta, ƙanƙara na ƙara binne ta kowace shekara, a kan tsibirin da har yanzu yake matsawa nesa da Turai.