Tarihin Sarkin Haɗejiya Buhari ɗan Sambo

Duk wanda ya yi aikin En'e a ƙasar Haɗejiya, ko a birni ko a gundumomi irin su Auyo da Kafin Hausa, ya sha jin sunan Sarki Buhari a bakin tsofaffi. Waɗansu suna ambatonsa da alfahari, don ba a taɓa yin sarkin da ya ɗaukaka sunan Haɗejiya a fagen fama kamarsa ba. Waɗansu kuwa in an ambace shi sai su girgiza kai, su tuna da garuruwan da suka zama kufai a zamaninsa. Ga labarinsa, da yadda rigimar gadon sarauta ta gida ɗaya ta hana ƙasashe da yawa barci har shekara goma sha biyar.

Kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙasar nan ƙananan sarakuna ne ke riƙe da ita, kamar na Auyo da Haɗejiya da Garin Gabas, suna bin Barno ta hannun Galadima. Da jihadi ya tashi, sai Fulanin wurin suka karɓi tuta, suka ci garuruwan nan, ƙasar ta koma bin Sakkwato. To, daular Sakkwato ba daga gari guda ake tafiyar da ita ba. Kowane sarki yana riƙe da ƙasarsa, shi ke naɗa hakimansa da alƙalansa, shi ke tara haraji, shi ke da rundunarsa. Abin da ke kansa shi ne ya aika da gaisuwa Sakkwato, ya amsa kira in an yi gayyar yaƙi, kuma rawaninsa ba ya tabbata sai da yardar Sarkin Musulmi. Haɗejiya kuwa tana can gabas bakin iyakar Barno, nesa da Sakkwato, al'amuranta suna bi ta hannun Waziri.

Mahaifin Buhari, watau Sarki Sambo, ya hau a 1808. Shi ya zaunar da mulki a birnin Haɗejiya, ya daɗe bisa gado har tsufa ya cim masa, ya yi murabus a 1845. 'Ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, suka gaje shi bi da bi, amma ba wanda ya daɗe a cikinsu, cikin shekara uku duk Allah ya yi musu rasuwa. Sai takarar sarauta ta koma tsakanin Buhari da Ahmadu. An ce zuciyar tsohon ta fi kwantawa da Ahmadu, saboda sanyin halinsa. Buhari kuwa mutum ne mai zafin zuciya, gwanin doki, ga shi mayaƙa da manyan bayin gidan suna bayansa. Da haka ya riga ɗan'uwansa, ya hau gado a 1848.

Bai daɗe da hawa ba sai ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo, wanda yake ganin zai iya yi masa kishiya. Labari ya kai ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello. Wannan kuwa babban laifi ne, gama kashe basarake ba tare da shari'a ba ya wuce ikon da aka bar wa sarakunan ƙasashe. Waziri Abdulƙadir ɗan Gidaɗo ya zo Katagum, ya aika a kira Buhari ya zo ya amsa, amma Buhari bai miƙa wuya ba. Saboda haka aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu.

Tuɓe sarki da takarda abu ne mai sauƙi, hana shi dawowa shi ne aiki. Buhari ya fita da jama'arsa, ya nufi wajen Macina cikin ƙasar Barno, inda Shehu Umar ɗan Shehu Laminu ke sarauta. Barno kuwa ba ta manta ƙasar da aka ƙwace mata a jihadi ba, don haka ba ta ƙi ganin wuta ta kama gidan maƙwabci ba. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta wannan yanki a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar ana ta zancen Buhari yana tara dawaki, ya kuwa rubuta labarin cikin littafinsa. A shekarar nan Buhari ya juyo, ya karya rundunar Ahmadu, aka kashe Ahmadu, ya koma gidan ubansa ya zauna, ba da yardar kowa ba sai ta takobinsa.

Sarkin Musulmi ba shi da wata babbar runduna tasa ta kansa da zai aika, sai dai ya yi gayya. Aka tara dakarun Kano da na waɗansu ƙasashe, Waziri Abdulƙadir yana wakiltar Sakkwato, Galadiman Kano Abdullahi yana jan mutanen Kano. Wajen 1853 suka sauka a Kafur, kusa da Haɗejiya. Taron yana da yawa, amma ba baki ɗaya yake ba, kowace ƙasa da shugabanta. Buhari ya auka musu ba shiri, runduna ta watse, kowa ya yi ta kansa, aka bar dawaki da kaya. Daga ranar nan ba a sake samun gayyar da ta iya fitar da shi ba.

Shekara goma da suka biyo baya, su ne talakawa suka fi ji a jikinsu. Buhari ya daina kai gaisuwa Sakkwato. Ya ci Marma ya haɗa ta da ƙasarsa. Ya riƙa kai hari gabashin Kano da ƙasar Katagum, yana kama bayi, yana kore shanu. Manomi ba ya nisa da ganuwa, fatake suka sake hanya, ƙauyen da ba shi da kafi ko ganuwa sai mutanensa su tashi. Garuruwan kan iyaka, tsakanin Haɗejiya da Kano da Katagum, inda gundumar Kafin Hausa take, su ne a kan hanyar dawaki, in za su tafi da in za su komo. Galadima Abdullahi ya zama Sarkin Kano a 1855, shi ne Maje Karofi. Sarkin Musulmi Aliyu ya rasu a 1859, Ahmadu ɗan Atiku ya gaje shi, Buhari yana nan bai rusuna wa kowa ba.

Ajalinsa ya same shi inda ba a zata ba. A 1863 ya kai yaƙi Gorgoram, birnin Badawa mai ƙaƙƙarfar ganuwa, can aka kashe shi. Ɗansa Umaru ya hau, bayan shekara biyu sarauta ta fita hannunsa ta koma ga Haruna ɗan Sambo, wanda ya riƙe ta har 1885. Haɗejiya ta koma bin Sakkwato, da ƙasa wadda ta fi ta zamanin Sambo faɗi, da mayaƙa waɗanda maƙwabta ke shakka.

Mai hankali in ya duba labarin nan zai ga ba halin mutum ɗaya kaɗai ya kawo fitinar ba. An bar wa kowace ƙasa ikon kanta, amma ba a tsai da ƙa'idar wanda zai gaji sarki ba, mai raba gardama kuma yana nesa, hukuncinsa ba ya zartuwa sai da dawakin waɗansu. Shi ya sa cutar ta sake tashi a Kano a 1893, sa'ad da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, Yusufu yana gabansu, aka yi Basasa. Watau 'ya'yan wanda ya ja runduna don ya horar da Buhari, su ma hanyar Buhari suka bi. Ko can ko nan, manya ke jayayya a kan rawani, gonar talaka ce ke kwana ba shuka.

Allah ya gafarta wa Sarki Buhari da ɗan'uwansa Ahmadu, da dukan waɗanda suka halaka a tsakaninsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.