Marigayi Jibo Bakari da haƙƙin ma'aikacin da ya ji rauni

Duk ma'aikacin da injin ya datse ma hannu, ko ya faɗo daga bisa gini, yana da haƙƙin magani da diyya a ƙasar Nijar. Wannan haƙƙi ya samu ne bayan doguwar gwagwarmayar ƴan ƙwadago a zamanin mulkin Nasara, kuma cikin waɗanda suka ja gabanta akwai marigayi Jibo Bakari.

An haifi Jibo Bakari cikin shekara ta 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi karatu har makarantar horon malamai ta William Ponty a ƙasar Senegal, sa'an nan ya koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas. A lokacin ana kwasar talakawa aikin dole, su yi hanyoyi da gine-ginen gwamnati ba da son ransu ba. Sai ran 11 ga watan Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole. Amma lebura da ɗan dako da direba sun ci gaba da aiki ba tare da cikakkiyar doka mai kāre su ba. Faransa ta yi wa nata ma'aikatan dokar hatsarin aiki tun 1898, wadda ta ɗora diyya bisa mai ba da aiki ko da babu laifinsa. A ƙasashen da take mulka kuwa, mafi yawan waɗanda suka naƙasa gida suke komawa, dangi su ɗauki nauyinsu.

Jibo ya ajiye alli ya shiga jam'iyyar PPN-RDA, har ya zama babban magatakardanta. Da saɓani ya raba shi da sauran shugabannin jam'iyyar, sai ya duƙufa ga aikin ƙungiyoyin ƙwadago. Ya tattara leburori da ƴan dako da boyi-boyi da masu aikin lambu, mutanen da yawancinsu ba su taɓa zama aji ba, ya nuna musu amfanin haɗa kai. Ran 3 ga watan Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa suka yi yajin aikin gama-gari, ran 15 ga watan Disamba kuma aka sa hannu ga dokar aiki ta ƙasashen ƙetare. Dokar ta ƙayyade awa 40 a mako, ta kawo hutu da biya, da albashi mafi ƙanƙanta, da sufetocin aiki. Masu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa wajen aiki da ita, don haka cikin 1953 ƙungiyoyin da Jibo ke jagoranta suka sake yajin aiki a Nijar.

Daga nan sauran haƙƙoƙi suka biyo. Cikin 1956 aka buɗe asusun biyan kuɗin iyali. Ran 24 ga watan Fabrairu 1957 aka fito da dokar diyyar hatsarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa. A Paris aka rubuta ta, amma matsin ƙungiyoyin ƙwadago na Afirka ne ya share mata hanya.

Talakawan da ya yi wa aiki su ne suka ɗaga shi a siyasa. Ya kafa jam'iyyar UDN cikin 1954, wadda ta rikiɗe ta zama Sawaba, mai ƙarfi ainun a ƙasar Hausa, daga Maraɗi har Damagaram. Ya zama magajin garin Yamai cikin 1956, ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati cikin 1957. A ƙuri'ar raba gardama ta ran 28 ga watan Satumba 1958 ya nemi a ƙi tayin Janar de Gaulle a karɓi ƴanci nan take, amma ya sha kaye. Aka haramta Sawaba cikin 1959, shi kuma ya yi gudun hijira. Yunƙurin da magoya bayansa suka yi da makamai cikin 1964 ya ƙare da asarar rayuka da ɗauri mai tsanani. Ya komo gida cikin 1974, aka tsare shi cikin 1975 har tsawon shekaru. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1993 bai yi nasara ba, ya rasu a Yamai ran 16 ga watan Afrilu 1998.

Yana gudun hijira ne gwamnatin abokin hamayyarsa Diori Hamani ta kafa asusun CNSS cikin 1965, wanda ke riƙe da sha'anin hatsarin aiki har yau. Mai ba da aiki shi kaɗai ke zuba kuɗin wannan fanni. Idan hatsari ya auku a wurin aiki, ko bisa hanyar zuwa da komowa, wajibi ne ya sanar cikin awa 48. Asusun yana biyan magani, da kuɗin kwanakin jinya, da kuɗin naƙasa in raunin ya zama na dindindin. Idan ma'aikaci ya rasu, matarsa da marayunsa suna da rabo.

Sai dai yawancin ƴan ƙasa ba su cikin rajistar asusun. Saurayin da ya bar Tagris, cikin ƙasar Dakoro, ya tafi ci-rani Maraɗi ko Arlit, ya kamata ya tambaya tun ranar farko ko an rubuta sunansa. In ya ji rauni ya adana takardar likita, in kuma mai aikin ya ƙi sanarwa ya kai kukansa ga sufeton aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kamar yadda Jibo Bakari ya yi wa ƴan dakon Yamai. Allah ya jiƙan shi da rahama.