Emile Berliner: Mai Garmahon da Kotu ta Hana Sayar da Faifansa

Kalmar garmaho da Hausawa suka sani ta samo asali ne daga sunan da Emile Berliner ya raɗa wa na'urarsa. An haife shi a Hanover ta ƙasar Jamus a 1851, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1870, ya fara da aikin yaron kanti a Washington.

Thomas Edison ya riga shi da na'urar naɗar murya tun 1877, amma a kan gwangwani mai siffar bututu take naɗa, mai wuyar kwafa. A 1887 Berliner ya yi rajistar tasa fasahar, wadda ta kai ga shimfiɗaɗɗen faifai. Daga uwar faifai guda ana iya buga dubbai, kamar yadda ake buga jarida. Nan kuɗin yake.

Sai dai gwanin ƙira bai zama gwanin yarjejeniya ba. A 1896 kamfaninsa na Philadelphia ya damƙa wa wani dillali, Frank Seaman, ikon sayar da kayansa shi kaɗai a kusan duk Amurka. Seaman ya ga kasonsa ya yi kaɗan, ya shiga ƙera tasa na'urar mai suna Zonophone, ya kuma haɗa kai da kamfanin Columbia, abokin hamayyar ubangidansa. A 1900 kotu ta hana Berliner sayar da garmaho a Amurka. Wanda ya ƙirƙiro kaya ya koma ɗan kallo a kasuwarsu, kuma ba ingancin na'ura ne ya kayar da shi ba, takarda ce da lauyoyi.

Ya kwashe harkarsa zuwa Montreal ta Kanada. Wanda ya ci gajiyar rikicin shi ne Eldridge Johnson, maƙerin da ke yi masa injin wani a Camden. A 1901 aka kafa kamfanin Victor, Johnson na riƙe da ragama, ɓangaren Berliner ya karɓi hannun jari a madadin haƙƙin fasaharsa. Tambarin karen nan mai sauraren garmaho, wanda Berliner ya yi wa rajista a Amurka a 1900, ya bi Victor.

Bai talauce ba. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa kan yaƙi da gurɓatacciyar madarar da ke kashe jarirai a Washington, yana kuma gwajin jirgi mai saukar ungulu tare da ɗansa Henry. Ya rasu ranar 3 ga Agusta, 1929, shekarar da kamfanin rediyo na RCA ya saye Victor.