Alhaji Abubakar Imam: Malamin Makaranta Da Ya Aza Harsashin Aikin Jarida Da Hausa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta Najeriya ta yau. Gidansu gidan malamai ne, don haka da karatun allo ya fara kafin ya shiga makarantar boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya kammala a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A zamaninsa babu makarantar koyon sadarwa ko aikin jarida a ƙasar Hausa. Guzurinsa duka shi ne horon malanta, da sanin Larabci da Turanci, da kunnen da ya iya sauraren Hausar kasuwa da ta fada.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littafin Imam, Ruwan Bagaja, yana cikin waɗanda suka yi nasara, tare da Ganɗoki na wansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganin hazaƙarsa ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Da yawan labaran ya samo asalinsu ne daga Larabawa da Indiya da Turai, amma ya tufatar da su da tufafin Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu.

Yayin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa, jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Wannan na cikin dalilan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Imam kuma ya zama editanta na Hausa. Aikin yana da nauyi biyu. Na farko na harshe ne: dole a samo kalmomin da za su bayyana jiragen yaƙi da majalisa da tsarin mulki ga mutumin da bai taɓa ganinsu ba, a kuma daidaita rubutun boko da yake sabo a lokacin. Na biyu na amana ne, domin jarida ce ta gwamnatin mulkin mallaka, amma talakawa ke karanta ta. Imam ya bai wa wasiƙun masu karatu fili, jaridar ta zama dandalin da jama'a ke kawo kokensu.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da abokan tafiyarsa suka tsara, saboda yana ganin Arewa ba ta shirya ba, ra'ayin da har yau masana tarihi ke muhawara a kansa. A can ya gana da Lugard, ya bayyana masa matsalolin mulkin gargajiya a Arewa. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya riƙe jaridar shekara 12, daga baya ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a hukumar kula da ma'aikatan gwamnati. Ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981.

Ɗalibin da ya taso daga Dogon Dutsi ko Tibiri ya nufi makarantar koyon sadarwa a Yamai yana samun abin da Imam bai samu ba: darussan sadarwa, da na'urori, da takardar shaida ta shiga rediyo ko talabijin ko ofishin hulɗa da jama'a. Sai dai tambayoyin da suka tsaya gaban Imam su ne ke jiransa ranar da zai fassara labari daga Faransanci don manomin Arewa: wace kalma ce manomin zai gane, kuma yaya zai yarda da mai faɗar ta. Allah ya jiƙan Abubakar Imam, amin.