Leung Sing-bor: Sarkin Barkwancin Masu Jin Kantonanci

An haifi Leung Sing-bor a shekarar 1908 a Singafo, cikin iyalin da asalinsu ƴan lardin Guangdong ne na kudancin ƙasar Sin. Mahaifinsa ɗan wasan kwaikwayon gargajiya ne, irin wanda ake haɗa waƙa da kiɗa da rawa a cikinsa, kuma a wannan sana'a yaron ya tashi. Da farko ba ɗan ban dariya ba ne. Matsayin jarumi yake hawa, mai tsalle da wasa da makami, har ya yi suna a Singafo da Malaya kafin ya koma Hong Kong dab da yaƙin duniya na biyu. Daga baya jiki ya yi masa nauyi, tumbi ya fito, kayan jarumi suka daina yi masa kyau. Sai ya koma matsayin da ake kira cau, wato wawan wasa, ya riƙe shi har jama'a suka naɗa shi sarkin masu wannan matsayi.

Garin da ya samu kansa a ciki yana cikin wani hali. A 1945 mazauna Hong Kong ba su wuce 600,000 ba, amma zuwa farkon shekarun 1950 sun haura miliyan biyu, saboda ƴan gudun hijirar da yaƙin basasar Sin ya koro. Iyalai da yawa sukan raba gida ɗaya da allunan katako, wasu kuma suka kafa bukkoki a gefen duwatsu. Gobarar Shek Kip Mei ta daren Kirsimeti na 1953 kaɗai ta bar mutum fiye da 50,000 ba wurin kwana. Waɗannan mutane su ne ke cika gidajen silima masu araha, kuma labarinsu ake nuna masu: ɗan haya da mai gida, marar aiki da mai bin bashi, matsiyacin da ya ari kwat don ya je neman aure. Ana ɗaukar wasu finafinan cikin mako guda, har aka yi masu laƙabi da ƴan kwana bakwai. Leung ya fito a fiye da 400, kuma babu shakka da yawa daga cikinsu aikin gaggawa ne da ba ya jure kallo na biyu. Abin da ya rage a cikinsu shi ne bakinsa.

Ya shahara da abin da ƴan wasa ke kira baau tou, wato fashewar ciki, ma'ana ɗan wasa ya bar rubutaccen zance ya ƙago nasa nan take. Wahalar wannan aiki ba ta ɓoye ga wanda ya san ƙirar harshen ba. Kantonancin Hong Kong yana da karin sauti shida masu bambanta ma'ana, inda Hausa ke da na sama da na ƙasa da faɗau. Gaɓar si kaɗai, gwargwadon yadda aka ɗaga ko aka sauke murya, tana iya nufin waƙa, tarihi, gwaji, lokaci, kasuwa ko al'amari. A waƙar Kantonanci kuwa dole hawa da saukar murya su bi karin sautin kalmomi, in ba haka ba ma'ana ta juye. Don haka mai ƙagen baiti a tsakiyar wasa yana neman kalmar da za ta ba da dariya, ta dace da amsa-amo, ta kuma hau kan kiɗa, duk a numfashi ɗaya. Leung yana yin haka ba tare da fuskarsa ta nuna wata wahala ba.

Sunan wani fim nasa na farkon shekarun 1950, Gwong Gwan Yan Yun, ya isa misali. Kalmar da ke farkonsa tana nufin gwauro a Mandarin, amma a bakin mai Kantonanci ɗan damfara take nufi. Leung ya fito a matsayin fanko mai shigar attajirai, da ƙatuwar taba a baki.

Fim ɗin da ya fi cancantar nazarin ɗalibin harshe shi ne Nam Bak Wo, wato sulhun kudu da arewa, wanda Wong Tin-lam ya ba da umarni a 1961. Leung tela ne mai Kantonanci, mai tsimi da lissafin kowane kwabo. Liu Enjia kuma tela ne ɗan arewa mai Mandarin, mai son nuna isa ko da da kuɗin bashi. Shagunansu suna maƙwabtaka, sannan suka wayi gari gida ɗaya suke haya. Kowa yana magana da harshensa, kowa yana jin rabin abin da ɗayan ya faɗa, kuma daga wannan rabin ji rigima ke tashi, alhali ƴaƴansu na soyayya a bayan idonsu. A lokacin finafinan Mandarin ne ke da kuɗi da daraja, na Kantonanci kuwa ana yi masu kallon abincin talaka, saboda haka haɗa harsunan biyu a fim ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Fim ɗin ya karɓu har aka yi masa biyu masu bin sawu, a 1962 da 1964, waɗanda marubuciya Eileen Chang ta rubuta.

Duk da haka bai bar dandalin gargajiya ba. Ya yi aiki da ƙungiyar Sin Fung Ming ta Yam Kim-fai da Pak Suet-sin, a wasannin da Tong Tik-sang ya rubuta, inda yakan hau matsayin dattijo mai nauyi kamar yadda yake hawa na wawa. Ya kuma shugabanci ƙungiyar ƴan wasan gargajiyar Kantonanci ta Hong Kong.

A ƙarshen shekarun 1960 kasuwar finafinan Kantonanci ta durƙushe a gaban manyan kamfanoni irin su Shaw Brothers, har ya kai a 1972 ba a fitar da ko ɗaya ba, a garin da mafi yawan mutanensa da harshen suke tashi suke kwana. Talabijin ce ta riƙe shi. Tashar TVB ta buɗe a watan Nuwamban 1967 da wani shirin dare na raha da waƙa, Leung yana cikin jagororinsa, kuma a nan ne yara da manya suka saba kiransa Bo Suk, wato Baffa Bo. A 1973 Chor Yuen ya ɗebo ƴan wasa da yawa daga wannan shiri ya yi fim ɗin ƴan haya 72 da Kantonanci, ya fi kowane fim ciniki a Hong Kong a shekarar. Shekara guda bayan haka Michael Hui ya fara jerin finafinansa na ƙananan ma'aikata da ƴan caca, hanyar da Stephen Chow ya bi daga bisani.

Leung ya samu lambar girmamawa ta MBE daga masarautar Ingila a shekarun 1970. Ya rasu a Hong Kong a watan Fabrairun 1981, yana da shekara 72.