Hajiya Gambo Sawaba

An haifi Hajaratu a shekarar 1933. Ta tashi a Zariya, cikin ƙasar Nijeriya. Ana ce mata Gambo don ita ta biyo bayan tagwaye. Iyayenta sun rasu tun tana ƙarama, sai ta bar makaranta.

Tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. A wancan zamani talaka yana shan wuya: ga haraji mai nauyi, ga aikin tilas. Mace kuwa ko ƙuri'a ba ta da ita. Gambo ta riƙa bin gida gida, har gidajen kulle, tana wayar wa mata da kai. Ta je Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwa suka ƙi harajin zalunci.

Abin bai yi wa masu mulki daɗi ba. Sun sa an doke ta, an aske mata kai, an ɗaure ta har sau 16. Duk da haka ba ta daina ba.

Sai a 1976 matan arewacin Nijeriya suka sami ƴancin jefa ƙuri'a. Gambo ta rasu a watan Oktoba na 2001. A Zariya akwai babban asibiti mai sunanta.