Bubu Hama, Mutumin Da Ya Tara Hankalinsa Wuri Ɗaya

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, kusa da gaɓar kogin Isa, sunan marigayi Bubu Hama yake ɗauke da shi. Yara suna zuwa can kallon namun daji, su koma gida ba su san mai sunan ba. Dattawan da suka riske shi kuwa, yawancinsu shugaban Majalisar Dokoki suke tunawa. Amma a cikin rayuwarsa akwai wani al'amari da ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau: shekarun da hidimar mulki ta fi yi masa nauyi, su ne shekarun da ya fi fitar da littattafai. Ma'aikaci nawa ne yake kukan cewa aikin ofis da hayaniyar gida sun hana shi rubuta ko da shafi ɗaya? To, ga mutumin da ya riƙe Majalisa shekara 15 da ƴan watanni, ya kuma bar littattafai da suka haura 30.

An haifi Bubu Hama a shekarar 1906 a Foneko, wani ƙauye na ƙasar Tera, cikin Sonrai. A wancan zamani iyaye ba su ba da ɗa ga lakwal da daɗin rai, don gani suke yi kamar an raba shi da su ke nan har abada. Karatu ya ɗauke shi daga Tera zuwa Dori, daga Dori zuwa Wagadugu, daga can kuma sai makarantar horon malamai ta William Ponty da ke tsibirin Gore, a bakin tekun Dakar. A 1929 ya komo gida da takardar shaidar malanta, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga wannan makaranta.

Daga 1929 zuwa 1954 shekara 25 ke nan. A cikin wannan dogon lokaci sunansa bai fito a bangon wani babban littafi ba, har wanda bai sani ba sai ya ce zaman banza aka yi. Ba haka ba ne. Yana koyarwa, yana kuma zama gaban tsofaffi da maroƙa da masu tsafi da masunta, yana sauraro, yana rubutawa. Wannan aiki ba ya yiwuwa da gaggawa. Tsoho ba ya buɗe cikinsa ga baƙon da ke duban agogo. Sai an gaisa, an jima, an koma gobe da jibi, sa'an nan asalin magana ya fito. Malamin da ya koyo lissafi da Faransanci a Gore sai ga shi ya koma ɗalibi a kan tabarma, kuma wannan makaranta ta biyu ita ce ta koya masa natsuwa. Sai a 1954, yana da shekara 48, littafin L'Empire de Gao ya fito a Paris, wanda suka rubuta tare da wani likita Bafaranshe, Jean Boulnois, a kan tarihin Sonrai da al'adunsu da asiransu.

Kafin nan siyasa ta riga ta kama shi. Yana cikin manyan jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. A tsakiyar shekarun 1950 ya shugabanci cibiyar bincike ta IFAN a Yamai. A watan Disamba 1958 ya zama shugaban Majalisa, Jori Hamani yana shugaban gwamnati, da haka ƙasa ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960.

Daga 1966 sai littattafai suka ɓarke kamar ruwan Agusta. A wannan shekara ya fitar da bincikensa a kan tushen haɗin kan Afirka. A 1967 ga tarihin Gobir da Sakkwato, ga kuma na Abzinawa. A 1968 ga tarihin Sonrai, da na Fulani, da nazarinsa a kan tarbiyyar Afirka. A tsakanin 1968 da 1969 aka buga Kotia-Nima, juzu'i 3, labarin yaron ƙauye da ya yi karo da ilmin Turawa, wanda a gaskiya labarin kansa ne. Shi ne ya jawo masa babbar kyautar adabi ta Baƙar Afirka. Daga 1972 kuma tatsuniyoyi da almarar Nijar suka fara fitowa juzu'i bayan juzu'i a maɗaba'ar Présence Africaine.

Ina ya sami sarari? Wanda ya jera littattafan nan ya dube su zai lura da abu guda. Sunayensu daban-daban ne, amma tambayar da ke cikinsu ɗaya ce: me Afirka ta sani kafin zuwan Turawa, kuma yaya za a miƙa shi ga yaran da lakwal ta ɗauke? Tarihin Gobir amsa ce ga wannan tambaya, tatsuniyar yara ma amsa ce gare ta, labarin ƙuruciyarsa kuma ita ce dai. Ba ya tashi da safe yana neman abin da zai rubuta, balle ya ɓata ƙarfinsa wajen zaɓe tsakanin wannan da wancan. Rijiya ɗaya ya haƙa, ya yi ta zurfafa ta har ƙarshen ransa. Abin da ke gajiyar da mai tunani sau da yawa ba yawan aiki ba ne, rarrabuwar zuciya ce: a fara wannan a bari, a kama wancan a saki, dare ya yi ba a gama ko ɗaya ba. Shi kuwa ko an katse shi da taro ko da tafiya, in ya komo ya san inda ya aje guga. Kuma rumbunsa cike yake tun zamanin malanta, ba sai ya fita kiwo ba kafin ya yi tatsa.

Abu na biyu, bai yarda ya ɗauki kaya shi kaɗai ba. Littattafan yara da dama tare da wata marubuciya Bafaranshiya, Andrée Clair, suka yi su, cikinsu har da L'Aventure d'Albarka na 1972. Labarin Tula, budurwar da aka ba da ita ga iskokin ruwa don a sami damina, Mustafa Alasan ne ya mai da shi fim a 1973. Jean Rouch kuma ya ɗauki labarin Babatu ya yi fim da aka nuna a Cannes a 1976. Haka nan abin da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba ta iya riƙewa, sai ya nema masa gida. Da hannunsa aka kafa gidan tarihi a 1959. Ya sa aka tattaro tsofaffin littattafan Larabci da na ajami daga gidajen malamai, su ne tushen taskar da ke cibiyar IRSH a Yamai. Yana cikin waɗanda suka tsaya har aka buɗe cibiyar adana tarihin baka a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda daga baya ta zama CELHTO.

A ƙasar Hausa ta Najeriya an ga wata hanyar dabam. A 1936 aka ɗauke Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina, aka kai shi Zariya, aka sauke masa kowace hidima, cikin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce. Shi an ba shi shiru ne daga waje. Bubu Hama ba wanda ya ba shi wata 6. Dole ya nemi shirunsa a cikin kansa, a tsakiyar kai da komowar Majalisa. Ɗaya daga cikin littattafansa na 1973 da karin maganar Sonrai ya sa masa suna, Hon si suba ben, ma'ana yau ba ta ƙarar da gobe.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba a yi wannan aiki kyauta ba. Mai karatu yana ganin alamar gaggawa a wasu littattafan tarihin: maimaici, da dogayen nassoshin wasu marubuta da aka jera ba a tace ba. Inda ya zauna ya ba labari lokacinsa, kamar Kotia-Nima da tatsuniyoyin, can ne alƙalaminsa ya fi daɗi. Kuma kujerar da ta ba shi mota da magatakarda da hanyar maɗaba'a, kujera ce ta mulkin jam'iyya ɗaya. An haramta Sawaba ta Jibo Bakari a 1959. Bayan harin da mayaƙanta suka kawo a 1964 an murƙushe su da tsanani, har da kisa a bainar jama'a, Bubu Hama kuwa shi ne shugaban jam'iyyar da ke mulki. Mutumin da ya iya zama yini guda yana sauraron tsoho, gwamnatin da yake cikinta ba ta iya sauraron abokin hamayya ba. Da fari ya tsananta a 1973, dabbobi suka ƙare, talakawa suka kwararo birane, fushin jama'a bai bambanta marubuci da ɗan siyasa ba.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka yi juyin mulki ƙarƙashin Laftanan Kanar Saini Kunce. Aka kama Bubu Hama yana da shekara 68, aka tsare shi a Agadas. Shirun da bai samu ba a Majalisa sai ya zo masa ta ƙofar da bai so ba, ba magatakarda, ba maɗaba'a, ga tsufa. Da aka sake shi bai koma siyasa ba. A 1980 juzu'in farko na babban tarihin Afirka na UNESCO ya fito, a ciki akwai babin da suka rubuta tare da Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, a kan matsayin tarihi a zaman jama'ar Afirka. Tambayar nan ce dai ta malamin 1929.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai a ƙarshen watan Janairu 1982. Shekara 6 bayan haka, a 1988, cibiyar CELHTO ta buga wani littafinsa da ya bari a rubuce, L'Essence du verbe.